Ba a Wuce Na Gaba

Asabar, da hantsi

Yatsuna ba su gama dawowa ba, rubutun nan kamar kaza ta bi ta kan takarda. Maman yara ta ce duk wanda ya bar bargo a wannan sanyin ya hau keke, ba aikensa aka yi ba, ya kamata a duba kansa. Na ce mata mu huɗu ne, sai a haɗa mu a duba gaba ɗaya.

Mu huɗun dai na kullum ne. Yaya a gaba, sai Dakta mai cire haƙori da kekensa da ba a yarda ko ƙuda ya sauka a kai ba, sai ni, sai Mai Burodi can a ƙarshe yana haki yana tsine wa duk wanda ya ƙirƙiro tudu. Shekara da shekaru haka muke fita duk Asabar, kuma mun fi son hunturu, don titi babu kowa, gumi ba ya damun mutum. Doka ɗaya gare mu. Yaya ne ya kafa ta tun ranar da muka tsaya a mararraba muna gardamar hanya har ruwan gorar Dakta ya daskare: ba a wuce na gaba, ba a tambayarsa ina za mu. Na gaban kuwa kullum Yaya ne. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas a cikin garin nan har ya yi ritaya, wa zai koya masa hanya?

Yau bai bi da mu ta bakin kogi ba. Daga gidan mai ya karya hagu, ya shiga da mu cikin gari, ta bayan kasuwa, ta gaban asibiti, har tsohuwar masaƙa da aka rufe. Kuma sai tsaye-tsaye yake yi. Ya matsa gefen titi, ya sauke ƙafa ɗaya, ya ɗan jira, ya waiga, ya ci gaba. Mai Burodi ya ji daɗi, ya ce yau Yaya ya tuna akwai masu tumbi a duniya. Dakta ya ce sauya hanya yana wartsake ƙwaƙwalwa, ya karanta a wani wuri. Dakta komai ya karanta a wani wuri.

A ƙofar masaƙa muka sha shayin fulas a tsaye, tururi na fita daga bakin kowa. Yaya bai sha ba. Ya yi ta zagaya kekensa yana bubbuga tayoyin da ƙafa.

Ni dai na fi son bakin kogi, amma ban tambaya ba.

Talata, da safe

Yaya ya kira yana faɗa, wai ya shirya tun ɗazu, ina muka shiga? Na ce, Yaya, yau Talata ce. Sai ya ce ya sani, gwada ni yake yi.

Talata, da la'asar

Gilashin taga uku na yanka, biyu sun gaza da faɗin yatsa. Shekarata nawa a sana'ar nan. Sanyi ne, tef ɗin awo ma ƙanƙancewa yake yi.

Alhamis, da yamma

Anti ta zo shago. Matar Yaya ba ta zuwa shagona, ta ce ƙarar yankan gilashi har cikin haƙoranta take jin ta. Yau ta zo, ta ƙi zama, ta tsaya tsakanin teburin yanka da madubai tana murza safar hannunta.

"Ƙarami," ta ce. Furfura ta cika mini kai amma a gidansu Ƙarami nake har gobe. "Jiya yayanka ya fita shan iska da keke bayan karin kumallo. Sai bayan azahar wani mai sayar da jarida ya rako shi har ƙofa."

Na ce ai Yaya da son hira, ƙila hanyarsu ce ta zo ɗaya.

"Ya same shi tsaye a gefen titi, ba hular sanyi, leɓensa ya tsage. Yana ta duba agogo yana cewa an makara. Da ya tambaye shi ina ne gida, sai ya nuna gabas, ya nuna yamma."

Na ce sanyi yana rikita mutum. Ni ma shekaranjiya na ɓata gilashi biyu.

Ta dube ni irin kallon da take yi mini tun ina ɗan samari in na ce ba ni na cinye naman tukunya ba. Ta ce, "Ba ni da ido a kan titi. Kai ne idona. Ran Asabar in ka ga wani abu, ka faɗa mini. In abin nan ya sake faruwa, keken nan zai bar gidan."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Anti, tun da ya ajiye aiki, a kan keken nan kaɗai nake ganin yayana. In kika raba shi da shi me ya rage masa? Kujera da talabijin?"

"Ni kuma ya rage mini shi," ta ce.

Na yi mata alkawari zan sa ido. Da ta fita na rasa inda na ajiye abin yanka, ashe yana hannuna.

Asabar, da azahar

Hanyar masaƙa kuma.

An yi sanyi na gaske yau. Raɓa ta daskare a kan gilashin motocin da ke gefen titi, iska tana shiga ta kowace kafa ta hular kwano. Na sa safa biyu, na cusa tsohuwar jarida a ƙirjina ƙarƙashin rigar sanyi yadda Yaya ya koya mana, duk da haka kafin kasuwa ban san ina da yatsun ƙafa ba. Shi kuwa Yaya yana zaune cak a kan sirdi, bayansa a miƙe, kamar ba shi ne ya girme ni da shekara goma sha ba. Wa zai ga wannan mutumin ya ce wani abu na damunsa? Na so a ce Anti tana nan ta gani.

Tsaye-tsayen dai suna nan. Na lura a wuraren da ya tsaya wancan makon, a nan yake tsayawa. Kuma kafin ya tashi sai ya ɗaga kai ya dubi sama kaɗan ta gefe, inda babu komai sai iska. Ban gane wannan ba.

A gaban asibiti wata tsohuwa tana tsaye da kwandonta. Yaya ya tsaya daidai ita, ya ce, "Hau a hankali, Mama, ba sauri muke ba." Tsohuwar ta dube shi, ta dubi keken, ta ce, "Ɗan nan, a ina zan zauna?" Mai Burodi ya yi dariya har ya kusa faɗuwa, Dakta ma ya dara. Ni ma na yi dariya. Yaya da barkwanci, ai halinsa ne tun da can.

Sai dai shi bai yi dariyar ba. Ya jira ta, ya jira, sannan ya dubi saman nan ya taka feda.

Anti ta tare ni a ƙofa lokacin da Yaya ya shiga ajiye keke. Ta ɗaga gira. Na ce lafiya lau muka je muka dawo. Kuma gaskiya ne, lafiya lau muka je muka dawo.

Lahadi, da safe

Barkwanci ne.

Talata, da yamma

Na raka Yaya da Anti asibiti. Ba na son in rubuta wannan.

Ɗakin da zafi, na'urar ɗumama ɗaki tana ta ƙara, na cire rigar sanyi na rasa inda zan ajiye ta, na rungume ta a cinya. Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ba, tana da ladabi. Ta ce Yaya ya zana mata fuskar agogo a takarda. Ya ce ita ba ta da agogo ne? Sannan ya karɓi biro. Na kalli taga. Gilashin tagar ba a sa shi daidai ba, akwai kafa a ƙasa ta hagu, shi ya sa na'urar take wahala. Duk wanda ya yi aikin nan bai iya ba.

Ta faɗi sunan abin, ciwon nan na mantuwa. Anti ta gyaɗa kai kamar dama ta sani. Likitar ta yi maganar tuƙi, Yaya ya ce ya ajiye tuƙi tuni. Babu wanda ya ambaci keke. Na jira Anti ta ambata, ina jin ita ma ni take jira.

A hanyar dawowa Yaya ne ya yi ta nuna wa mai tasi inda zai bi don kauce wa cunkoso, kuma duk daidai ya faɗa. To yaya ke nan? Mutumin da ya san wannan, shi ne ba zai san gidansa ba? Ni ban gane ba. Wallahi ban gane ba.

Laraba, da rana

Maman yara ta tambaye ni me likita ta ce. Na ce gwaje-gwaje ne dai.

Alhamis, da la'asar

Na kai madubi wani shagon aski bayan kasuwa. Da kaya mai fashewa a bayan mota dole mutum ya tafi a hankali, sai na samu kaina ina kallon gefen titi. Inda Yaya ke fara tsayawa akwai wani ƙarfe a kafe, ya yi tsatsa, allon kansa ya cire. Gaba kaɗan, inda yake tsayawa na biyu, akwai benci na siminti da ragowar rumfa. Gaban asibiti, wani ƙarfen. Na ajiye madubin, maimakon in koma shago sai na bi hanyar har masaƙa. Ko ɗaya Yaya bai tsallake ba.

Wuraren tsayawar bas ne na layin masaƙa. Layin da ya fara tuƙawa yana saurayi, wanda aka soke tun da aka rufe masaƙar. Ni da na hau bas ɗin nan kullum lokacin da nake koyon sana'a, ni ne sai yau na gane. Ba ya bari in zauna a lokacin, wai ƙanin direba ba ya zama alhali fasinja na tsaye. A bayansa nake tsayawa riƙe da ƙarfe, ina kallon yadda yake ɗaga kai ya duba madubin ciki kafin ya rufe ƙofa. Abin da yake dubawa ke nan a sama.

Na kashe mota a ƙofar masaƙa na zauna har sanyi ya shigo ciki. Ba Mai Burodi yake jira ba. Mu ne a bayansa, amma ban san su wa yake gani ba.

To amma me ya yi? Ya bi hanya da ya sani, ya tsaya a gefe, ya dawo da mu lafiya. Wa ya cuta? In na faɗa wa Anti, keke ya tafi. In keke ya tafi, Yaya zai zauna a kujerar nan ta falo ya zuba wa bango ido. Na taɓa ganinsa haka a watannin farko na ritaya, ban manta ba.

Juma'a, da safe

Na kira Dakta na ce an ce gobe za a yi ƙanƙara a titi, ko mu fasa? Ya ce ya karanta a wani wuri cewa ba za a yi ba.

Asabar, da yamma



Na yi niyyar in shiga gaba. Duk hanyar zuwa gidan mai ina shirya yadda zan faɗa. Da muka haɗu na ce, "Yaya, yau bari in ja mu, ka huta da iskar gaba." Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Tun yaushe?"

"Yau kaɗai. Mu je bakin kogi."

"Ƙarami, koma layinka."

Na dubi Dakta ko zai sa baki. Dakta ya sunkuya yana gyara gorar ruwansa. Mai Burodi ya ce doka dai doka ce. Na koma layina. Shekara hamsin da wani abu gare ni, Yaya ya ce in koma layina na koma.

An yi ƙanƙarar. Siririya ce, ba a ganin ta sai taya ta taka. Muka wuce kasuwa, muka wuce asibiti, ana tsayawa ana tashi. Sai babbar mararrabar nan da ke kafin gada, inda ake karya dama. Mai keke gefe yake bi ya lallaɓa ya juya. Yaya sai ya buɗe hagu, ya fita har tsakiyar titi, yadda mai doguwar mota ke yi don kada tayar baya ta hau dakali. Makonni biyun da suka wuce ma haka ya yi, yanzu da na tuna, amma titi babu kowa. Mu kuma idonmu a kan tayar na gaba yake, inda ta bi nan muke bi. Haka muka bi shi, mu uku, manya da hankalinmu.

Sai ga wata babbar mota ta kaya. Ƙaho na fara ji, sannan birki. Yaya ya wuce ta gabanta, ban san da me ya rage ba, ba na son in auna. Dakta ya kauce. Na damƙe birki, Mai Burodi da ke bayana ya damƙe nasa a kan ƙanƙara, keken ya zame daga ƙarƙashinsa. Na ji faɗuwarsa.

Direban ya sauko yana zagi, da ya ga furfurarmu ya rage murya. Mai Burodi yana zaune a titi riƙe da wuyan hannunsa, yana cewa ba komai, ba komai, fuskarsa kuwa ta sauya. Dakta ya cire ƙyallen wuyansa ya ɗaure masa.

Yaya bai waiga ba. Na hango shi can gaba wajen wani ƙarfe mai tsatsa, ƙafa ɗaya a ƙasa. Na bar kekena na taka har wurinsa. Ya nuna mini agogo.

"An makara, Ƙarami. Wa ke riƙe mu?"

Na ce Mai Burodi ne ya faɗi. Sai hankalinsa ya dawo, na ga dawowarsa a idonsa. Ya jefar da keke ya ruga, shi ya tare tasi, shi ya tallabe shi ya sa a ciki, yana yi mana faɗa wai ba mu iya birki a kan ƙanƙara ba, sau nawa zai ce a fara da na baya.

Anti ta tambaya. Na ce Mai Burodi ya zame a kan ƙanƙara. Wannan ma gaskiya ne.

Lahadi, da la'asar

Na je duba Mai Burodi. Karaya ce, an sa masa filasta har gwiwar hannu. Na same shi a bayan gidan burodin, zaune kusa da tanda don ɗumi, yana ba matarsa umarnin yadda ake naɗe ƙullu, ita kuma tana cewa in ya ƙara magana za ta karya ɗayan.

Da ta fita ya ce, "Mai Gilashi, zauna. Fuskarka kamar kai ka karye."

Na fara kame-kame, ina cewa akwai abin da na lura game da hanyar nan.

"Layin masaƙa," ya ce. "Ai tun Asabar ta farko na gane. Shekara nawa ina kai burodi kantin masaƙa a bas ɗin yayanka? Dakta ma ya sani, mun yi maganar."

Na ce to me ya sa yake ta cewa shi ake jira?

"To me zan ce? Ka ga fuskarsa in ya tsaya ya duba madubin nan nasa? Rabon da in ga Yaya da wannan fuskar tun yana aiki. Na ce a raina, in bas yake tuƙawa, to ni fasinja ne, me zai rage ni." Ya gyara hannun a kan cinya, ya cije leɓe. "Hannu dai zai warke. Amma jiya na ga tazarar da ke tsakaninsa da motar nan, kai ma ka gani."

Na ce me ya sa babu wanda ya yi mini magana.

"Mun zaci ka sani. Mun ce kai ne ƙaninsa, in lokaci ya yi kai za ka faɗa."

Kowa ya sani, kowa yana jiran wani. Na fito da burodi biyu masu zafi da matarsa ta tura mini, na manta su a mota har suka sandare.

Litinin, da safe

Ban buɗe shago ba.

Litinin, da rana

Na buɗe. Zama a gida ya fi muni.

Talata, da yamma

Na faɗa wa Anti. Duka, har da tsohuwar gaban asibiti, har da motar kaya. A ɗakin girki muka tsaya, Yaya yana falo, talabijin na magana. Na zaci za ta yi mini faɗa kan makonnin da na yi ina cewa lafiya lau, da ma ta yi, da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ci gaba da goge kofin da ya riga ya bushe.

Na ce to sai ta yi abin da ta ce.

"Ba zan iya ba," ta ce. "Na faɗa ne kawai. Daga hannuna yake karɓar magani, Ƙarami. Ni kaɗai yake bari in taimaka masa da maɓallin riga in ya rikice. Ran da ya san ni na ɗauke masa keke, ya daina karɓar komai daga hannuna. To sai wa?"

Ta buɗe durowar cokula ta ɗauko makullin ɗakin ajiya ta ajiye a kan tebur. Ba ta miƙo mini ba, ajiyewa ta yi. Ta ce yana barci bayan abincin rana.

Da zan fita Yaya ya kira ni, ya ce in gaya wa Mai Burodi in ya warke zai koya masa birki da kansa, kuma ran Asabar kada in makara.

Laraba

Makullin yana aljihuna. Duk inda na juya sai na ji shi.

Alhamis, da la'asar

Na je.

Ɗakin ajiyar a share yake tas. Keken yana jingine a bango an lulluɓe shi da tsohon bargo, sarƙa ta sha mai, famfo da kayan faci a jere a kan kanta, jaridun ƙirji an ninke su a gefe. Mutumin da aka ce ya kasa zana agogo ne ya jera waɗannan.

Keken na je ɗauka. Na ma buɗe bayan mota. Amma da na kama shi sai na ga ba zan iya fita da shi ta tsakar gidan ba. Na durƙusa na kwance tayar gaba, na jingina sauran a bango, na mayar da bargon. Ban san me ya sa ba. Wataƙila don taya ana iya mayar da ita. Wataƙila tsoro ne kawai. Ba a kan wannan keken ba, a kan wani baƙi mai nauyi na mahaifinmu, Yaya ya koya mini hawa, yana riƙe da sirdi yana gudu a bayana yana cewa kada in waiga.

Anti tana tsaye a taga tana kallona.

Tayar tana shago, na sa ta bayan manyan maduban da ke jingine a bangon ciki.

Juma'a, da safe

Bai kira ba.

Juma'a, da yamma

Bai kira ba. Na kira Anti, ta ce bai shiga ɗakin ajiya ba yau, kansa na ciwo. Dakta ya ce shi ba zai fita gobe ba, wai yana da marasa lafiya. Ran Asabar bai taɓa buɗe wurin aikinsa ba.

Asabar, da rana

Na buɗe shago da wuri don ban san inda zan sa kaina ba. Ban kunna na'urar ɗumi ba ma, ina tsaye ina kallon titi ta ƙofar gilashi, sai na hango shi.

Da cikakkiyar shiga ya zo, hular kwano, safar hannu, ƙyallen wuya, har gefen jarida yana leƙowa ta wuyan riga. Ya ɗaga gaban keken da hannu biyu yana tura shi a kan tayar baya, tun daga gida. Can nesa a ɗaya gefen titin Anti ce ke biye da shi, ta tsaya a bakin wani kanti da ta ga ya shigo.

Ya jingina keken a teburin yanka, ya ja kujera ya zauna yana mayar da numfashi. Kujerar da ya ja ita ce ta gaban maduban.

"Tayata ta gaba babu," ya ce.

Na ce, "To."

"Ɗakin a kulle yake. Ba a fasa kwaɗo ba, ba a taɓa famfo ba. Ɓarawo ba ya ɗaukar taya ya mayar da bargo." Ya cire safar hannu ɗaya, ya riƙe ta. "Na duba ƙarƙashin gado. Na duba bayan gida, har cikin firji na duba, don kwanaki a can Antinka ta tsinci tabarauna. Ta zaci ban sani ba."

Ban taɓa jin ya yi maganar abin da bakinsa ba sai yau. Muryarsa ƙalau, idonsa ƙalau, Yayana ne sosai a zaune a gabana.

"Ƙarami, kai ba ka yi mini ƙarya. Ni na cire ta na manta inda na kai, ko?"

Na shirya ƙaryar ɓarawo, na shirya ta mai gyara, duk na shirya su tun Alhamis. Babu wadda ta fito daga bakina. Na ce, "Ba kai ba ne, Yaya. Ni ne. Ni na cire ta."

Ya dube ni, sai ya yi murmushi, irin wanda yake yi mini in na faɗi daga keke na tashi ina cewa ban ji ciwo ba.

"Kai dai ba ka sauya ba. Ko ran da na fasa fitilar Baba cewa ka yi kai ne." Ya girgiza kai. "Bar rufa mini asiri, na san ni ne. In mutum ya kai ga kwance tayarsa bai sani ba, bai kamata ya ja mutane a titi ba. Ka ja su yau. Ka bi da su bakin kogi, kuma ka riƙa jiran Mai Burodi a kan tudu. Kada ka faɗa musu dalili."

Na ce, "Yaya, da gaske nake."

"Na ji," ya ce. "Allah ya yi maka albarka."

Tayar tana bayansa, in ya miƙa hannu ta bayan madubin zai taɓa ta. Taku biyu zan yi in ɗauko in nuna masa, ya san kansa bai kai inda yake zato ba. In na nuna masa kuma zai ɗaura ta, ya hau.

Ya zauna yana jiran ɗumi ya shiga yatsunsa. Na kunna masa na'urar, na haɗa masa shayi. Ban ɗauko ba.